Bazarar da Aka Fasa Ƙofar Malam

Zafin bana ya hana ni sakat. Tun hantsi nake zama a inuwar darbejiyar tsakar gida, ƙafafuna cikin robar ruwa, kafin azahar ruwan ya koma kamar na wankan jego. Autata Yagana ta zo daga unguwarsu Karewa ta duba ni, ta ce in bi ta can inda fanka take juyawa. Na ce ba inda za ni, ta dai nemo takarda ta zauna kusa da ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma bakina yana nan. Irin wannan zafi sau ɗaya na taɓa ganinsa, a bazarar da Yola ta cika da 'yan gudun hijira. Tun da zafin nan ya dawo nake kuka, kuma ba na ɓoyewa. Wanda ya shigo ya same ni ina yi, ya zauna ya jira in gama.

Mijina Malam Babarbare ne. Yana saurayi ya zo garin nan koyar da lissafi, ya kama ɗaki a gidan kawuna a nan unguwar Adarawo, ya gan ni, ya nace. Danginmu suka ce tunda bawa ya zo neman 'yar iyayen gidansa, a ba shi ko ya waye. Shi kuma ya ce ya zo ne ya ceci Fulani daga kwana da yunwa. Haka wasan yake tsakanin Fulani da Barebari tun kakanni, ba mai fushi. Wanda ya fi kowa jan wannan wasa da shi Hammadu ne, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Tare suke cin tuwo a ƙofar gida bayan magariba, kowa a fito da kwanonsa. Hammadu bai taɓa kiransa da wani suna ba sai “bawana”, Malam kuma kullum sai ya tambaye shi ko har yanzu iska ba ta ɗauke shi ba. Da aka zo auren Yagana, da yake dangin Malam suna nesa, Hammadu ne ya ba da aurenta.

Malam yana da wani wasa da ni nake kira dara, shi yana cewa ces. Allo ne mai gidaje fari da baƙi, da 'ya'yan katako da aka sassaƙa. Ya ce kakansa a Borno yana yin irinsa, don haka sunayen can yake kiran 'ya'yan da su: wannan Mai, wannan Ciroma, na kusurwa Kaigama, ga dawakai, ga ƙananan dakaru a gaba. Abokin wasansa Malam Ishaku ne, Kirista daga wajen Numan, tare suka koyar har suka yi ritaya. Kowace Asabar Malam Ishaku yakan taso daga Jimeta da akwatin katakonsa a hammata, su zauna a zaure tun safe, ba ka jin komai sai ƙwas, sai tsaki, sai dariya. Ni aikina in aika musu da kunun gyaɗa.

Sai abin nan ya taso daga arewa. Ƙarshen damina mutane suka fara shigowa, daga Madagali, daga Michika, daga baya har Mubi. Wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa ta daji, ƙafafu a kumbure, mace da goyo ba ta san inda mijinta yake ba. Malam ya buɗe gida. Bai tambayi kowa addininsa ba. Ɗakunan 'ya'yanmu da suka yi aure suka cika, rumfar awaki aka share aka shimfiɗa tabarmi, zauren ma maza suka kwana a ciki. Muka ɗauka abin na 'yan kwanaki ne. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta same mu da su.

Bari in faɗi yadda yini yake tafiya a lokacin. Da an sallame asuba mata za mu ɗauki jarkoki da bokitai, domin famfo ya daɗe da ƙafewa, 'yan garuwa kuma sun yi wuyar gani. A bakin rijiyar burtsatse za ka tarar da layi ya miƙe har kwana. Kafin mu dawo rana ta fito, kuma ranar Yola ba ta yin sallama, faɗowa take yi a kan mutum. Mu hura wuta da ɗan itacen da maza suka samo, mu dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, a fara ba yara. Daga nan sai surfe. Turmi biyu gare ni, na aro na uku, matan Michika suna daka suna waƙa da yarensu a hankali, wata ta ajiye taɓarya ta koma bayan ɗaki ta yi kukanta ta dawo ta ɗauka. Ba mai tambayarta.

Da azahar ba a iya komai. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi. Ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Ƙurajen zafi suka feso wa jarirai har cikin wuya, muna shafa musu farar ƙasa. Kaji suna buɗe baki a gindin randa, randar kuma ruwanta ɗumi. Wutar lantarki sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, in ta zo kafin ka tashi ka kunna fanka ta koma. Da la'asar a ɗora babbar tukunya, tuwon masara da miyar kuka, ranar da aka yi sa'a a jefa busasshen kifi a dagargaza shi yadda kowa zai ji ƙamshinsa. Tafkin Njuwa ya janye ya bar taɓo a tsattsage, masunta suna dawowa da abin da bai cika tafin hannu ba. Malam yana da 'yar gonar shinkafa a wajen, kuma abin da ya noma a shekarar yana jibge a wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure. Buhu bayan buhu muka cinye, har ɗakin ya zama wayam. Na iya rabon tuwo a shekarar nan. Na san yadda ake yanka malmala ta yi kama da babba. Sau da yawa nakan ce na ci a wajen tuƙi, Malam ya kalle ni, ya ture rabin nasa ya ce ya ƙoshi.

Asabar ɗin Malam Ishaku ta yanke. An hana acaɓa, hanyar Jimeta zuwa Yola shinge ne bayan shinge, a sauke mutum a caje shi a rana, shi kuma ga ciwon gwiwa. Ya daure ya zo sau ɗaya, sai da aka sa ya zazzage akwatin katakonsa a bakin titi. A zuwan nan ne ya kawo wata tsohuwar kwamfuta ta 'yarsa, irin mai buɗewa kamar faifan da aka naɗe. Ya ce an saka wasan a ciki, ga wanda zai riƙe masa kujera kafin gari ya lafa. Ya zauna ya nuna wa Malam yadda ake yi, ya tafi kafin dokar hana fita ta kama shi a hanya.

Malam ya share ɗakin shinkafar nan ya mai da shi wurin zamansa. Da yake ba wuta, ya samo tsohon batirin mota wajen wani bakanike da ya taɓa koyarwa, da wayoyi ja da baƙi masu baki kamar na kada, da wani ɗan akwati da yake juya wutar. In batirin ya yi sanyi a ɗora shi a baro a kai caji. Kwamfutar ita ma zafi yana damunta, tana huci tana mutuwa, sai na ba shi shawara ya ɗora ta a kan faifai a bakin tulu mai ruwa. Ya ce ashe Bafulatana tana da amfani bayan tatsar nono.

Yakan shiga bayan azahar, lokacin da kowa ya kwanta a inuwa, ya turo ƙofa. Kunya ce ta sa yake rufewa. Ya ce mini bai kamata wanda ya baro gawar ɗansa a hanya ya ga mai gida yana wasa ba. Ni kaɗai nake shiga in kai masa ruwa, in tsaya a bayansa in kalla. Allon nan ne dai a cikin gilashi, 'ya'yan suna tafiya da kansu. Wani lokaci ba wasa yake yi ba, kallo yake. Ya ce akwai wasannin manyan gwanaye a ciki, wasu sun mutu tun kafin a haifi kakansa, amma ga kowane takunsu an adana. Sai ya danna su yi gaba, ya danna su dawo baya, ya tsaya ya rufe ido ya ce in shi ne ga abin da zai yi, sannan ya duba ya ga ko sun yi hakan. In ya dace da su sai ya buga cinya kamar yaro. Wani lokacin kuma da ita kwamfutar yake karawa. A gefe akwai wani ɗan sanda rabi fari rabi baƙi, in ya yi kuskure baƙin ya hau ya danne farin, tun kafin shi ya gane ya yi. A sama kuma agogo ne, lambobi suna raguwa, in sun kusa ƙarewa ta fara ƙara, ɗit, ɗit. Bayan an gama takan koma da shi baya ta nuna masa daidai inda ya ɓata. Akwai wurin da ake dannawa a janye taku in an yi kuskure, amma bai taɓa taɓa shi ba, ya ce Malam Ishaku ba ya yarda a janye, ita ma ba zai roƙe ta ba. Ya sa ta a mataki mai ƙarfi, tana cinye shi kusan kullum. Na ce masa kaico, Babarbare guda gwangwani ya kayar da shi. Ya ce gwangwanin bai san yunwa ba, ba ya jin kukan jarirai ta bango, in ba haka ba da ya gani.

Wata rana na ce masa ya huta, idonsa ya yi ja. Bai juyo ba ya ce, “Dija, a nan kaɗai ne in an cinye mini abu ake nuna mini dalili.” Ban ƙara hana shi ba.

To ga abin da nake so a rubuta da kyau. Hammadu ya san abin da ke cikin ɗakin nan. Wata azahar ya shigo neman aron baro, ya tura ƙofar ba sallama kamar yadda ya saba. Ina tsaye da kofi a hannuna. Ya ga batirin, ya ga wayoyin, ya ga allon. Malam ya jawo masa buhu ya zauna, ya nuna masa komai, har ya kama yatsansa ya sa ya tura doki da kansa. Hammadu ya yi dariya har da hawaye, ya ce tsufa ya kama bawansa, ya rasa abokin wasa sai ƙarfe. Ya sha ruwan da na kawo wa Malam, ya ɗauki baro ya fita. Da idona na gani.

A kwanakin nan tsoro ya gama cika gari. Kullum sai an ji labarin abu ya tashi a wata tasha ko wata kasuwa. Mace mai babban hijabi sai a tsaya nesa da ita, leda in an yar a bakin hanya sai a kewaye. Kowace unguwa samari suka ɗauki gora da adda suna sintiri, suna tare baƙo suna tambayarsa garinsu. Ban ga laifinsu a wannan ba, kowa ransa yake so. Kuma duk wanda aka ji harshensa ya karkata Borno, sai an ƙara kallonsa.

A irin wannan lokaci ne Hammadu ya zauna a majalisar bakin masallaci, samarin sintiri suna tsaye da gorunansu, ya ce su da suke wahalar tare baƙi a bakin titi, ga Babarbare can a cikin unguwa ya kulle kansa a ɗaki da batir da wayoyi da agogo mai ƙirgawa baya. Tsofaffin da ke wurin aka ce sun yi dariya. Samarin ba su yi ba. Rabinsu ba su tashi sun ga ana wannan wasa ba, wasunsu ma ba 'yan unguwar ba ne.

Washegari bayan azahar suka zo. Ina bayan gida ina tankaɗe na ji ihu, na ji ƙofa ta tsage. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita, turawa kawai ake yi, amma da gatari suka buɗe ta. Kafin in iso sun fito da shi tsakar rana, daga shi sai singileti da wando, ba hula, ba takalmi, ƙasar nan tana cin tafin ƙafarsa yana ɗaga ɗaya yana ajiye ɗaya. Tsoho mai furfura, wanda ya koya wa iyayen wasunsu ƙidaya. Kwamfutar tana ciki tana ɗit, ɗit, domin lokacinsa ne yake ƙarewa, sai wani ya ce za ta tashi, mutane suka watse suna tattaka juna, matan da ke gidana suka kwashi yara suka yi waje. Wani ya kai wa kwamfutar gora. Malam yana ta cewa wasa ne, su bari ya nuna musu, wani ya mare shi a baki.

Na fita ba mayafi, ni da ban taɓa taka ƙofar gida kaina a buɗe ba. Unguwa duk ta fito. Na hango Hammadu tsaye a ƙofar gidansa da buta a hannu. Na kira shi, na ce, “Hammadu, kai ka gani, faɗa musu.” Ya dube ni. Ya dubi samarin da addunansu. Ya sunkuyar da kai ya shige gida, na ji ƙarar sakata.

Wannan sakatar ita ce ba ta bar kunnena ba har yau. Maganar majalisa zan iya cewa suɓutar baki ce. Amma a tsakar ranar nan kalma ɗaya ake nema daga bakin dattijo ɗan unguwa, Bafulatani, wanda kowa ya sani, ya ce ni na gani, dara ce. Ba a ce ya tare adda da ƙirjinsa ba.

Allah ya sa wata mota ta masu kaki ta iso kafin a yi abin da ba a gyarawa. Suka jefa shi a baya, da batirin da kwamfutar, suka tafi. Ban san inda aka kai shi ba. Na aika aka gaya wa Malam Ishaku. Mutumin nan da gwiwarsa a kumbure ya ɗauki akwatin katakonsa ya bi ofis-ofis a cikin ranar nan, ana korarsa yana komawa, har ya gano wurin. Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce da ƙyar aka shigar da shi gaban wani babba, ya buɗe akwatin a kan tebur ya jera 'ya'yan, ya ce a kunna kwamfutar a gwada. Gilashin ya tsage amma ta kama. Babban yana ganin allon ya fashe da dariya, ya ce shi ma ya yi wannan wasa a makaranta, ya kira na ƙasa da shi su zo su ga bam ɗin Adarawo. Suka yi ta dariya. Aka fito da Malam, aka miƙa masa kwamfutarsa, aka ce ya tafi gida, ya riƙa barin ƙofa a buɗe. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Ya dawo da leɓe a kumbure da tafin ƙafa duk bororo. Na zauna ina shafa masa man shanu ina kuka, shi yana ce mini ai an gama, gaskiya ta fito. Bai san unguwa ba ta ji dariyar da aka yi a ofis ba. Abin da unguwa ta gani shi ne an fito da shi an saka a mota. Aka ce ai sakinsa aka yi don a bi sawunsa. Aka ce ai Kiristan nan ne ya san manya. Baƙin da ke gidanmu suka fara tattara tabarminsu ɗaya bayan ɗaya, suna ba ni haƙuri, suna cewa su da ma ana kallonsu, ba za su iya zama a gidan da aka sa wa ido ba. Ban riƙe su a zuciya ba. Tukunyar da nake kukan ba ta isa sai ga shi tana kwana da saura. Bayan magariba Malam ya fita da kwanonsa ƙofar gida kamar kullum, ya zauna, ba wanda ya fito. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa, a bar tazarar da akuya za ta wuce. Yara suka sa masa suna Mai Batir.

Hammadu bai shigo ba. Da liman ya tambaye shi, cewa ya yi shi wasa ya yi irin na Fulani da Barebari, yara ne ba su da hankali. Shi ke nan, aka bar maganar a nan. Wasa.

Abin da Malam ya yi daga nan shi ya fi karya mini zuciya. Ya nemo wani batirin, ya fitar da tabarma da tulu da faifai ƙofar gida, gindin bishiyar da ke bakin hanya, ya kunna kwamfutar da tsagaggen gilashinta a gaban kowa. Kullum bayan la'asar. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa bismilla, zo ka gani, ga Mai ga Ciroma, zo in nuna maka yadda doki yake tsalle. Mutane suka riƙa tsallaka titi tun daga nesa. Waɗanda suka yi karatu a hannunsa sukan ɗaga hannu daga can su ƙara sauri. Ina leƙensa ta zaure, yana zaune shi kaɗai, gumi yana bin wuyansa, agogon yana ƙarewa bai tura komai ba, idonsa yana kan hanya. Haka ya yi ta yi har hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, yara suka fito suna tsalle. Kowa a garin nan ya yi murna da ruwan nan. Malam ya naɗe wayoyinsa ya shigo, ya sa kwamfutar a ƙarƙashin gado, bai ƙara buɗe ta ba.

Da hanya ta lafa Malam Ishaku ya dawo da zuwan Asabar. Yakan jera 'ya'yan katakon a zaure, Malam ya tura ɗaya ko biyu don kada ya ɓata masa rai, sai ya ce kansa yana ciwo. A daminar bai je gona ba, ya ba wani aro. Ya koma yin salla a gida. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jiki ya shanye, kafin wata bazarar ta zagayo Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san mutumin da aka saka a motar nan da wanda aka sauke, ba ɗaya ba ne. Ranar jana'iza unguwa ta cika maƙil, waɗanda suke tsallaka titi duk sun zo, ana cewa mutumin kirki ne. Ina ciki ina jin su.

Yanzu gari ya zauna. Famfo yakan zo, shingayen an kwashe, samarin sintirin nan sun zama magidanta, wasu in sun gan ni har durƙusawa suke yi. Yagana ta ce wasan ma yanzu a waya ake yinsa, a cikin keke-napep ma za ka ga mutum yana turawa, ba mai kallonsa. Malam Ishaku ya koma garinsu wajen 'ya'yansa, idonsa ya tafi, amma duk salla sai ya sa an kira ni ya gaishe ni.

Shekaranjiya Hammadu ya yi sallama a zaurena, karon farko tun ranar gatari. Ya tsufa, ya sa farar riga sabuwa. 'Ya'yansa sun biya masa Makka, yana bi gida-gida yana sallama kamar yadda ake yi. Na sa aka kai masa ruwa, na zauna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya kira ni yadda Fulani suke kiran yayarsu, ya ce, “Adda Dija, tafiya ta zo. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yafe mini.”

Na ce, “Wanne ne ka sani?”

Ya yi 'yar dariya, ya ce haba Adda, shi da bawansa, ai kowa ya san wasa ne a tsakaninsu. Na ce masa ni ma Bafulatana ce, na girme shi a wannan wasa, a ɗaki ɗaya na yi shi da Babarbare har muka tsufa. Wasan nan a gaban mutum ake yinsa, ya ji ya rama, a yi dariya tare. Na tambaye shi a ina Malam ya rama nasa. Na tambaye shi sakatar da ya ja, ita ma wasa ce? Ya riƙa juya kofin ruwan a hannunsa. Na ce ni ba ni ce zan yafe ba, mai haƙƙin yana kwance, amma akwai abin da ya rage da mai rai zai iya yi. A bakin masallaci ya yi maganar, to ya tashi a masallacin bayan la'asar, ya kama sunan Malam, ya ce ya shiga ɗakin da ƙafarsa, ya taɓa abin da hannunsa, ya san dara ce, kuma ya yi shiru ranar da aka tambaye shi. In ya yi haka, ni na sauke nawa. Ya ce in Allah ya yarda.

Jiya da la'asar na ja tabarmata jikin katangar da ta fi kusa da masallaci. Aka sallame, na ji lasifika ta yi ƙara, liman ya ce Malam Hammadu yana da magana. Na kasa kunne. Ya yi salati, ya ce zai tafi ƙasa mai tsarki, shi ɗan Adam ne, zama da mutane sai da saɓani, duk wanda ya ɓata wa a unguwar nan, babba ko yaro, mai rai ko wanda ya riga mu, ya yafe masa. Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, Allah ya yafe mana. Aka shafa fatiha. Aka kashe lasifikar.

Ban yi masa baki ba. Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, masallacin yana nan inda ya bar shi. Amma ba zan zauna jiran bakin Hammadu ba, na jira shi sau ɗaya a tsakar rana na ga abin da ya yi.

Tun ranar da aka kai ni ɗakin mijina ban taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa, ko da ya rasu. Haka aka raine mu, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba. To jiya an ba mutum lasifika ya kasa faɗa. Yagana, daina kallona haka, share idonki ki riƙe alƙalamin da kyau, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda mai wucewa zai gani daga tsallaken titi. Sunansa Bukar. Bukar malamin lissafi, mijina. Dara yake yi.